Amsar tambaya kan abin da za a sa a madadin filawud wajen zuba kankare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Malam na saurari tambayarka, ka ce filawud ɗin da kake haɗa fom da shi, wato akwatin da ake zuba kankare a ciki, daga an yi zubi biyu uku sai ya sha ruwa ya kumbura ya fara ɓarewa ta gefe, kana tambaya ko akwai wani abu da za a sa a madadinsa. Toh akwai, suna ma da yawa, amma ni abin da zan fara tambayarka shi ne wannan fom ɗin sau nawa za ka maimaita shi a awo ɗaya siffa ɗaya? Don wanda zai zuba fila shida a gidansa da wanda zai zuba fila ɗari uku iri ɗaya ai ba abu ɗaya za a ce su saya ba.

In aikin ƙarami ne, wallahi katako falle-falle ɗin nan da aka saba tun kafin filawud ya zo har yanzu yana yi, kowane kafinta ya iya shi, zarto da guduma da ƙusa kawai, duk wani lungu da kwana zai yanka ya shigar. Inda yake ba da matsala shi ne mahaɗa, tsakanin falle da falle in akwai ƴar kafa ruwan siminti ta nan zai tsiyaye, sai ka cire fom ka tarar da tsakuwa tsirara da ramuka-ramuka a jikin fila, wani wajen har rodi kana hangowa. Shi yasa ake jiƙa katakon kafin zubi, ya ɗan kumbura ya toshe kafofin, kuma kar ya zuƙe ruwan kankaren. Sawun katako kuwa zai fito a jiki, in za ka yi filasta ai gaba ta kai ka don ya fi kamawa. Wasu ma da gangan suke barinsa a matsayin ado, ginin nan na mai zanen gine-gine Le Corbusier da ke Marseille a Faransa wanda aka gama a 1952 haka aka bar sawun katakon a jiki ana kallo.

Sai ƙarfe. Shi dai in ana kula da shi, ana goge shi ana shafa masa mai bayan kowane zubi, zai yi maka sama da sau ɗari, fuskar kankare ta fito sumul, baya shan ruwa baya kumbura. Amma fa akwai nauyi, sannan awon da aka ƙera shi da shi kenan, yau injiniya ya canza faɗin bim sai an koma wajen mai walda, kuma in aka yasar da shi a fili tsatsa ta ci, jan nan zai fito a jikin kankaren. Ni a ganina fila da kwalbati da gwata su ne wajen ƙarfe, abin da ake ta maimaitawa.

Alminiyam kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, mutum ɗaya zai ɗauki fanel ya hau da shi ba sai an kira kiren ba. Irin tsarin Mivan da ake aiki da shi sosai a Indiya da Malesiya, bango da dekin tare ake zuba su lokaci ɗaya, fin da weji ake haɗawa babu ƙusa, hawa ɗaya ya tashi cikin mako guda ko ƙasa da haka. Sai dai wannan na masu gina gidaje ɗaruruwa ne iri ɗaya, don a kan zanen ginin ake ƙera shi tun daga masana'anta, wanda zai gina gida ɗaya ya sayi wannan ai ya yi asara.

Wanda nake ganin ya fi dacewa da kukanka Malam shi ne roba. Kala biyu ne, akwai allon roba mai faɗin filawud da ake yankawa da zarto a buga masa ƙusa yadda aka saba, akwai kuma fanel-fanel da ake kullewa da juna da hannu, irin na kamfanin Geoplast na Italiya ko kamfanin Moladi na Afirka ta Kudu. Ruwa baya shigarsa ko kaɗan, kankare baya manne masa sosai, ka cire ka wanke da ruwa ka jingine, ga shi shafal. Amma kar wani ya ruɗe ka, roba bata kai filawud tauri ba, tana lanƙwasa, rana in ta dake ta tana miƙewa, in ta daɗe a rana kuma ta bushe ta fara tsagewa, don haka katakan da ke bayanta dole a matso da su kusa-kusa fiye da yadda kafintanka ya saba, in ba haka ba za ka cire ka ga bango ya yi ciki.

Kuma wannan maganar ta abin da ke baya ita ce mutane suka fi rainawa. Kankare kubik mita ɗaya kilo 2,400 ne, kuma lokacin da yake ɗanye turawa yake kamar ruwa, fila mai tsawon mita 3 in aka cika ta da sauri a ƙasan nan kowace murabba'in mita tana iya ɗaukar turin da ya haura tan 7, ga baibireta kuma tana girgiza shi. Shi yasa kullum in fom zai fashe daga gindi yake fashewa, ka ji ɗas, ɗamara ta buɗe kankare ya malalo kan ƙafar lebura. Ɗamarar ƙasa a matse ta fiye da ta sama, a zuba kaɗan-kaɗan. Dekin mai kaurin santimita 15 ma kilo 360 ne a kowace murabba'in mita, ban da masu aiki da baro a kai, toh ko allon me ka shimfiɗa in tokaran ƙasa ba su zauna daidai ba aikin banza ne.

Fila mai zagaye kuwa kar ka wahalar da kafinta, akwai bututun kwali mai kauri irin Sonotube, a tsayar a zuba a yage shi, sau ɗaya ne, kawai kar ruwan sama ya taɓa shi kafin zubi. Ƙanana kuma fayif ɗin roba ake tsagawa a ɗaure.

Akwai kuma wanda ba a cirewa sam, fom ɗin ya zama cikin ginin. Bulo mai rami a jera a sa rodi a cika da kankare, ko kwanon ƙarfe mai tudu da kwari da ake shimfiɗawa a zuba dekin a kai, ko bulon farin soson nan mara nauyi da ake harhaɗawa a zuba a tsakiya ya zauna yana tare zafi da sanyi, ko a sayo bim da aka riga aka zuba a jera bulo a tsakani a yi ɗan zubi a sama. Fandisho ma in ƙasar mai ƙarfi ce bata zaftarewa ramin kansa ya isa fom. Har da yadi ana yin fom, wani mai zanen gine-gine Mark West a jami'ar Manitoba a Kanada ya yi aiki sosai a kai, sai dai wannan ya fi ga masu neman siffofi na ado. Wanda dai zan ce ka guje shi shi ne allon MDF na matsattsen garin katako da sauran allon garin katakon da ake kabad da shi, ruwa na taɓa su sun tashi aiki.

Sannan filawud ɗin da ya rage a hannunka kar ka zubar, ta gefen da aka yanka ruwa yake shiga, a shafe gefen da fenti, a sa mai kafin zubi, wajen cirewa a daina ɓanɓara da kan rodi, a jera shi kwance a inuwa, zai ƙara maka zubi. Ka turo min yawan filolin da awonsu da faɗin dekin ɗin, in na gani sai na ce maka roba ko katako.