Mun ce Baba ya huta, sai ƙafa ta fara ƙin ɗaukarsa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu shekararsa 69, ya yi ritaya daga aikin koyarwa shekara tara da suka wuce. Mu 'ya'yansa muka haɗu muka ce ya huta haka nan. Mun ba da gonarsa aro, mun sayar da awakinsa, mun ajiye kekensa, ko masallacin Juma'a a mota ake kai shi. Kusan shekara biyu ke nan ba ya son fita, ƙafafunsa sun rame, sai ya dafa bango yake tashi daga tabarma, kuma sau biyu ya faɗi a banɗaki. Yana shan maganin hawan jini. Magana ma ya rage ta sosai. Wane maganin ƙarin kuzari za mu saya masa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar mahaifi, Ya ƙara wa Baba lafiya. Amma Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Cikin duk abin da ka lissafa, wanda ya fi tayar min da hankali shi ne hutun nan da kuka ɗora masa. Na san da kyakkyawar niyya kuka yi, kuma da wuya mako ya wuce ban ga irinsa a asibiti ba. 'Ya'ya sun samu abin hannu, suna jin nauyi a ga tsohonsu riƙe da fartanya kada a ce sun yi watsi da shi, sai su zaunar da shi. Jiki kuwa bai san kara ba. Abin da aka daina aiki da shi, janye shi yake yi.

Tsokar mutum tana fara raguwa tun daga wajen shekara 30, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, kuma da zarar an haura 60 sai raguwar ta ƙara gudu. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, 'yan kimanin shekara 67, a gado na kwana goma kacal. Da suka tashi, kusan kilo guda na tsokar ƙafafunsu ya zube. To ka auna kwana goma da shekarun da Baba ya yi tsakanin tabarma da kujera. Ramar ƙafar nan da dafa bango, akasarinsu daga nan suka fito, kuma babu ruwan magani na kwalba da zai mayar da su.

Sai dai kafin komai, faɗuwa biyun nan ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 suna faɗuwa a kowace shekara, kuma tsohon da ƙashin ƙugunsa ya karye sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Ku kai shi ganin likita a wannan makon. Ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ku tafi da shi: na asibiti, na gargajiya, da haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa daga kemis. Wannan haɗin yakan ƙunshi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke tayar da hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki. Ku roƙi a auna jininsa yana kwance, sannan a sake aunawa bayan ya miƙe. Idan lambar sama, cikin lambobi biyu na awon hawan jini, ta sauka da 20 ko fiye, to maganin hawan jinin na iya zama shi ke sa shi jiri idan ya tashi, kuma likita ne zai gyara, ba ku ba. Kada a dakatar da maganin a gida. A duba suga da yawan jini, a kuma duba ido, domin yanar ido tana shigowa a hankali har mutum ya saba da hazo, alhali aikinta ba ya ɗaukar lokaci. Ku tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare. Maza da yawa a shekarunsa kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke tayar da su, su nufi banɗaki cikin duhu da magagin barci. Ku sa fitila a hanyar, ku kafa ƙarfen riƙewa a bango, ku daina barin ruwan buta a kan tayil.

Idan kuwa wata rana bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti kai tsaye a lokacin, ba sai an gama shafe-shafe ba.

Akwai gwajin da za ku yi a gida. Ku jingina kujera mai ƙarfi da bango, Baba ya zauna, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya riƙa miƙewa yana zama na daƙiƙa 30, wani na tsaye kusa da shi. Namiji mai shekarunsa, idan bai kai 12 ba, ƙarfin ƙafarsa ya yi ƙasa. Ku rubuta adadin. Shi wannan tashi da zaman kuma shi ne maganin: sau biyar da safe, sau biyar da yamma, ana ƙarawa duk mako.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu 65 zuwa sama ita ce motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa kwana uku. Amma idan ka je ka ce wa dattijon Zazzau ya fara "motsa jiki", kallonka kawai zai yi. Ba sai an kira abin da suna ba. Masallacin da ke da nisan minti biyar, zuwa da dawowa sau biyar, minti hamsin ke nan a rana. Ya fara da la'asar da magariba, jika na rakiyarsa, sauran su biyo baya. A watannin Maris zuwa Mayu a guji ranar azahar, kuma a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, domin ƙishirwar tsoho ba ta yin ƙara kamar ta yaro. Keke dai a dakata da shi tukuna sai faɗuwar ta tsaya.

Abinci ba zan tsawaita ba. Koko da safe, tuwo da dare, shayi a tsakani, ba sa gina tsoka. A kowane ci a samu wake, ƙosai, alala, awara, ƙwai, kifi ko nono. Idan haƙora ne matsalar, a dafa ya yi laushi. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zai fara tambayar likita kafin ya ƙara irin waɗannan. Gishiri kada ya kai giram biyar a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yana cikin lissafin.

Yanzu shirun nan nasa, wanda ka ambata a ƙarshe kamar ƙaramin abu. Fara da kunne. Dattijon da jinsa ya ragu yakan gaji da cewa "na'am?" a majalisa, sai ya daina zuwa, mutane su ce ya zama miskili. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa na da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, kuma raunin ji, raunin gani, hawan jini, rashin motsi, kaɗaici da ciwon damuwa duk suna ciki. Ciwon damuwa a tsoho ba lalle ya zo da kuka ba. Yakan zo da ƙin abinci, farkawa tsakar dare, da daina sha'awar abin da a da ake so. Ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ku faɗa wa likita wannan ma.

Amma ni abin da nake zargi ya fi haka sauƙin ganewa. Mutumin da ya shafe shekara talatin da wani abu yana tsayawa gaban aji, yara na jiransa ƙarfe bakwai da rabi, yau ya wayi gari babu wanda ke jiransa a ko'ina. Kun ɗauke masa gona, kun ɗauke awaki, kuɗi kuna turowa ta waya. Me zai fitar da shi daga ɗaki? Jami'ar Harvard tana bin rayuwar wasu mutane tun 1938, kuma abin da ya fi fitowa fili a binciken shi ne waɗanda ke da kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi daɗewa cikin lafiya. Mu a nan muna da zaure da dakali da zumunci, amma sai mu killace tsoho da sunan girmamawa.

Ku nema masa abin da idan bai yi ba zai lalace. Jikoki biyu ko uku su riƙa kawo masa aikin gida bayan la'asar, kuma ya zama da gaske shi ke duba su. Islamiyyar unguwa ko ajin yaƙi da jahilci ba za su ƙi tsohon malami ba. Idan ana maganar aure ko rabon fili a gida, ku kawo masa tun kafin a yanke, ba bayan an gama a zo "sanar da Baba" ba. Kuma ku tambaye shi abin da yake so, tunda wancan karon ba na jin an tambaye shi.

Gonar, idan ta yi nisa, a bar ta. Amma a sayo masa akuya biyu a ɗaure a bayan gida, a bar masa yankan harawa da ba su ruwa, ko da yaro zai taimaka da ɗauka. Bayan wata uku ku sake jingina kujerar nan da bango ku ƙirga, ka aiko min da adadin farko da na biyu.