Amsar Gwaggo: Farin Ruwan Nan da Maganar 'Yar Fari

Assalamu alaikum 'yata. Ya gida, ya maigidan, ya yaran? Mu nan cikin birni lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ta saba tashi da sanyin asuba.

Saƙonki ya same ni bayan la'asar, sai da na saurara sau biyu, don kin yi ƙasa da murya kamar mai tona asirin fada. Kin ce wajen wanki kin lura da farin ruwa a kamfan kishiyata, wato 'yarki, ga shi shekararta 11 da 'yan watanni, kuma maƙwabciyarki ta ce ciwon sanyi ne, a nemo magani tun bai yi nisa ba. Sannan kika ce 'yar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa, to a al'ada bakin wa ya kamata ya yi mata bayanin girma?

Kafin komai, kada ki sayi maganin nan. Na fi shekara 30 ina aikin ungozoma, kuma da za a ba ni naira ɗaya a kan kowace yarinya mai ƙoshin lafiya da aka kawo mini wai tana da sanyi, da tuni na rufe soron nan da kwano. Idan yarinya ta fara ƙirgen dangi, ma'ajiyar ƙwanta ta fara sakin wani sinadari ke nan da ake kira estrojin. Shi ke tayar da ƙirji, shi ne kuma ke sa bakin mahaifa da gaba su fara fitar da ruwa. Yadda hawaye ke wanke ido, haka ruwan nan ke wanke ciki. A wurin akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su ke sa ruwan ɗan tsami, tsamin kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Shi ya sa za ki ga baƙin kamfai ya koɗe a tsakiya, ki ɗora wa sabulu laifi.

Ruwan kan fara zuwa wata 6 zuwa shekara guda kafin jinin farko, jinin kuma yakan zo kamar shekara 2 zuwa 2 da rabi bayan ƙirgen dangi. Yawancin yara tsakanin shekara 12 da 13 suke gani, amma daga 10 har 15 duk daidai ne. Ashe abin da kika gani a bahon wanki sallama ce, baƙon yana hanya.

Na lafiya fari ne ko garai-garai, wani lokaci da yauƙi kamar ruwan ɗanyen ƙwai, in ya bushe a tufa ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, ba ya ƙaiƙayi, ba ya wari. Wanda zai sa ki ɗauki mayafi shi ne mai ƙaiƙayi ko raɗaɗi, ko ya zo guda-guda kamar nonon da ya tsinke, ko ya koma kore ko toka-toka, ko yana ƙarnin kifi, ko ya haɗu da zafin fitsari da ciwon mara da zazzaɓi. Wannan sai asibiti. Ke da kike Samaru, asibitin koyarwa na Shika na kusa da ke, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa. A duba a san ko mene ne, don abin da mutanenmu suka haɗa a kwando ɗaya suka kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake mayar da mai lafiya marar lafiya. Ki tsaya bakin kasuwar Sabon Gari ki ji masu lasifika suna lissafa alamomin sanyi, babu macen da za ta tsira. Sai a sa yarinya tsarki da ruwan bagaruwa, ko kanumfari, ko alif, ko a zuba mata ruwan kashe ƙwayoyin cuta na kwalba a buta, ko a sayo kafso a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Duk waɗannan suna kashe ƙwayoyin nan masu gadi. Da masu gadi sun tafi sai ƙaiƙayi ya shigo, sai a ce ai ka gani, maganin ya fito da sanyin fili, a ƙaro wani. Ruwa zalla ya ishe ta, daga waje kawai, daga gaba zuwa baya. Kamfai na auduga, kuma a shanya shi a rana. Wannan ɓoyon da muke yi masa a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa da danshinsa, musamman da damina, ya fi masai ɗin da ake zargi jawo ƙaiƙayi.

To, maganar 'yar fari. Bari in ba ki labarina, ban taɓa ba babanki ba ma. Ina da shekara 13 abin ya zo mini, da rani, ana sallar azahar. Babu wanda ya taɓa ce mini uffan. Na ɗauka tsargiya ce, irin wadda yaran da ke wanka a kududdufi suke yi, kuma na san in na faɗa zan sha duka a kan zuwa kududdufin. Kwana uku ina yagar tsohon zani ina tusawa a rami, ina sallata ba fashi. Ranar ta huɗu gwaggona ta kira ni ɗakinta ta sakaya ƙofa, ta miƙo mini ƙunzugu, ta nuna mini yadda ake ɗaurawa. Bayaninta kaf bai wuce magana uku ba: kin girma, ki bar sallah sai ya ɗauke, kuma namiji ya taɓa ki kin yi ciki. Shekara guda cur ko kwano ƙanena ya miƙo mini sai na ce ya ajiye a ƙasa. Yanzu ina dariya, amma a lokacin ban yi ba.

Duk da gajartar bayanin, ki lura da abu ɗaya: akwai wadda ta kira ni ɗaki. Innarmu ba ta yi mini magana ba, gaskiya ne, don ni ce ta fari. Amma gidan cike yake da gwaggo da kaka da matan baffanni da abokiyar zaman Inna, kowace idonta na kanmu. Sau da yawa ma 'yar fari ba a hannun uwarta take tashi ba, riƙo ake bayarwa. Alkunyar nan ɗauke aikin ta yi daga kan uwa ta ɗora wa wata. Ke kuwa daga ke sai mijinki sai yaranki a gida mai geti. In kika yi shiru, wa aka ɗora wa? Ƙawayenta na aji da wayar hannu. Don haka ra'ayina, ki riƙe kunyar suna in kina so, ki ci gaba da ce mata "ke yarinyar nan" har ki tsufa, amma wannan magana ki yi mata ita da bakinki. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ita kanta a hanyar Hajjin Bankwana, a wani wuri da ake kira Sarif, haila ta zo mata ta zauna tana kuka, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mata wannan abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'ya mata na Adamu.

Ba sai kin shimfiɗa tabarma kin yi wa'azi ba. Kuna tsinkar zogale ko kina mata kitso, idonki ba ya cikin nata, maganar ta fi fita. Ki gaya mata jinin farko yakan zo kaɗan, wani lokaci ba ja ba, launin ƙasa-ƙasa, kada ta ɗauka datti ne. Yakan yi kwana 2 zuwa 7, kuma duk jinin wata guda yawanci bai wuce babban cokali 2 zuwa 3 ba, ido ne ke ganinsa da yawa. A shekarun farko ba ya bin lissafi, tazarar kwana 21 har 45 duk babu laifi, yakan ma tsallake wata. Ki saka mata audugar mata guda biyu da kamfai a 'yar jaka cikin jakar makaranta tun yanzu, ki nuna mata yadda ake liƙawa, ta riƙa canzawa bayan awa 4 zuwa 6. Ƙunzugu ma ba abin raini ba ne in kuɗi ya yanke, matuƙar an wanke da sabulu ya bushe ƙarau a rana. Ciwon mara kuwa, mahaifa ce ke matsawa don ta fitar da abin da ta shimfiɗa. Ruwan ɗumi a gora a ɗora a mara, da farasitamol, suna taimakawa. Ban da jiƙon kanwa. Ki yawaita mata wake da alayyafo da hanta in ta samu, saboda jinin da take zubarwa.

In yana cika auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ya wuce kwana 7, ko ya ɗauke sama da wata 3, ko ciwon na hana ta makaranta, ku tafi asibiti. Haka in ta kai 15 ba ta gani ba, ko tana ciwon mara duk wata babu jini. A nan ne nake roƙonki da babbar murya, kada wani ya ce miki angurya ce ko gishiri a kira wanzami. Na ga abin da askar nan ta yi wa yara. Ki leƙa sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, za ki san ciwon da nake nufi.

Ɓangaren ibada kin san shi tun Ahalari: mai farawa, iyakar hailarta kwana 15, tana rama azumi ba ta rama sallah, alamar tsarki kuma bushewa ce ko farin kumfan nan da ke biyo bayan jini. Sai dai ki rarrabe mata abu biyu da ke rikita yara. Kwana 15 lissafin sallah ne, ba ya nufin a zauna a gida ana kallon yarinya tana zubar jini mako biyu. Sannan farin ruwan yau da kullum ba haila ba ne, ba ya hana sallah ko azumi, ba ya wajabta wanka. Na san yarinyar da ta yi wata biyu tana fashin sallah a kansa. Camfe-camfen nan kuma na kada ta yi girki, kada ta yi kitso, kada ta yi wanka, ki zubar da su. Manzon Allah yakan sha ruwa a inda Nana A'isha ta sa bakinta alhali tana haila.

Maganar maza, kada ki maimaita mata ta gwaggona. Ki faɗa mata yadda ake samun ciki a gaskiyance, daidai hankalinta, ki kuma gaya mata babu wanda ke da ikon taɓa jikinta, ko ɗan uwa ne ko malami, in wani ya gwada ta zo ta same ki ba za ki dake ta ba. Ranar da jinin ya zo, babanta kaɗai za ki sanar a asirce, don kuɗin auduga ya shiga cefane. Ba a shelanta wa dangi. Duk wanda ya fara yi miki zancen ai ta isa ɗaki, ki turo mini shi. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan jinin farko, kuma ni na karɓi haihuwar yaran da aka yi wa gaggawa.

In har yanzu bakinki ya yi nauyi, ku zo ranar Asabar da hantsi, zan turara dambu. Ni zan fara, tunda tsakanina da kishiyata babu kunya, amma kina zaune a ɗakin, ba za ki tsere madafa ba. Ki biya ki sayo auduga fakiti ɗaya, mai fukafukai, da kamfai uku na auduga. Ki gaishe da maigidan, ki ce masa har yanzu ina jiran man zafin da ya yi mini alkawari.

Gwaggonki.