Daga kaki zuwa binciken haɗari a masana'anta

Yallaɓai, ka tambaya ko shekara 12 da ka yi a aikin ɗan sanda za su ishe ka komawa binciken haɗari a masana'anta. Za su taimaka ƙwarai, amma sai ka haɗa da takardar NEBOSH (shaidar horo kan lafiya da kare haɗari a wurin aiki) da rajistar ISPON (cibiyar ƙwararrun masu aikin kare haɗari ta Najeriya).

Ni da na ajiye kaki, salon tambaya ne ya fi ba ni wuya. Ranar da inji ya datse wa wani yaro yatsu biyu, na shiga neman mai laifi, kowa ya yi gum. Sai da na zauna da ma'aikatan a kan benci na tambayi dalilin cire murfin injin, sannan suka ce da murfin ba sa iya cika adadin da aka ɗora musu a yini.