Limamin da ya ƙirƙiro taro ba jadawali

Ɗan'uwa, limamin cocin da kake tambaya a kai, wanda ya koma ba ƙungiyoyi shawara kan shugabanci, Harrison Owen ne, ɗan Amurka na cocin Episcopal. Ya rasu a 2024. A 1983 ya shirya wani babban taro bayan wahalar kusan shekara guda, sai mahalarta suka ce hirar lokacin shan kofi ta fi musu amfani. Daga nan ya ɓullo da tsarin Open Space a 1985: a zauna a da'ira kamar yadda ya gani a wani ƙauyen Laberiya, kowa ya kawo batun da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sai a kasu rukuni-rukuni a tattauna. Dokarsa da ta fi kwanta min a rai: in ba ka ƙaruwa kuma ba ka ƙarar da kowa, tashi ka koma wani rukunin.