Kwabo mai rubutu biyu-biyu: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillali a wajen Taminus ya nuna mini sentin Amurka na 1969 mai harafin S, shekarar da rubutun duk sun fito biyu-biyu. Ya ce kuskuren gidan buga kuɗi ne, wai a waje yana tsada ƙwarai. In saya? Daga mai tara tsofaffin kuɗi, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ninkin rubutu iri biyu ne, ɗaya kaɗai ke da kasuwa.

Mai darajar daga hatimi yake fitowa, wato ƙarfen da ake buga zanen kwabo da shi. Wajen ƙera hatimi a da, ana danna masa zane fiye da sau ɗaya. In dannawa ta biyu ta ɗan goce, hatimin ya ɗauki zane biyu ke nan, duk kwabon da ya buga kuma haka zai fito, iri ɗaya sak. Sentin 1955 da aka buga a Filadalfiya shi ne ya fi suna, ko ba gilashi za ka ga ninkinsa.

Ɗayan kuwa hatimin lafiyarsa lau, ya yi sako-sako ne a inji, ya ɗan zame lokacin bugu. Irin wannan ya yi yawa, masu tarawa ba sa ƙara masa ko sisi.

Ari gilashin mai gyaran agogo, ka karkata kwabon a hasken taga. A na gaske, haruffa biyun duk sun taso, bayansu a zagaye, harafin ya ƙara kauri, ƙarshensa ya rabu da ɗan tsagi. A na inji, ninkin a baje yake kamar matakala, yana ƙyalli, ya ma ci wani sashe na harafin har ya sirance.

Naka ma da sauƙi. A wancan zamani da hannu ake buga harafin S na San Faransisko a jikin hatimi, bayan an gama zanen. Saboda haka a na gaske S ɗin ba ya ninkuwa tare da shekarar. In ka ga su biyun sun ninku wuri ɗaya, aikin inji ne.

Ko ya ci wannan jarrabawar, na 1969 ɗin ƙalilan ne a duniya, jabu kuma akwai su. Kada ka biya sai yana rufe cikin robar PCGS ko NGC, kamfanonin Amurka masu tantance kwabo, ka kuma duba lambarsa a shafinsu na intanet tun dillalin yana tsaye.