Zafin Ruwa da Baƙin Mai a Mota Mai Turbo

Tambaya: Motata BMW 335i ce mai turbo biyu (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), kuma idan na taka ta a hanyar Kaduna zuwa Abuja a lokacin bazara, allurar zafin baƙin mai takan kai digiri 120. Wani bakanike ya ce in cire tamostat. Shin shawarar tana kan hanya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Kada ka yarda a cire ta. Aikin tamostat shi ne ta tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama kafin ta sake shi zuwa lagireto, kuma injin da aka raba da ita yakan daɗe cikin sanyi, ya sha fetur fiye da kima, sassansa su riƙa cin juna.

Digiri 120 bai wuce haddi ba ga wannan injin, muddin baƙin man na roba ne, wato wanda ake kira sintetik, irin wanda kamfanin ya tsara. Hasali ma, sai mai ya kusa digiri 100 yake korar raɓar da ke taruwa a cikinsa. Abin tsoro shi ne allurar ta doshi 140 ta ƙi saukowa. A nan sai a duba fanka, da famfon ruwan da ke aiki da lantarki, da haƙarƙarin lagireto wanda ƙura kan toshe.

Ruwan famfo zalla yana kawo tsatsa, don haka a gauraya ruwan sanyaya injin da tataccen ruwa rabi da rabi. Bayan doguwar tafiya kuma, ka bar injin yana aiki na minti biyu kafin ka kashe, domin turbo ya huce.