Malam, sai an tsaya a kan tsinin yatsu ne rawa take zama bale?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta wasan kwaikwayo a Samaru. Aikina na kammalawa gajeriyar rawa ce ta kamar minti goma, a kan wani yanki na kiɗan Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, mai suna Le Sacre du printemps. Kiɗan ya ƙi ƙirguwa, kullum a rikice muke tashi. Sannan wani da muka ɗauko ya koya mana bale, wato rawar dandamali ta Turawa, ya ce muddin 'yan matan ba su tsaya a kan tsinin yatsu ba, to ba bale muke yi ba. Mun sayo takalman da ake tsayuwar da su a gwanjo. Yanzu ƙafar ɗaya daga cikinsu ta kumbura, da ƙyar take takawa. An kai ta wurin mai ɗori ya ja, tana shan maganin ciwo tana zuwa atisaye a haka. Saura 'yan makonni, hankalina ya tashi. In fasa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki fasa. Amma ajiye maganar Stravinsky tukuna, mu fara da yarinyar nan. Daga yau ta daina zuwa atisaye. Idan ba ta iya yin taku huɗu a kan ƙafar ba, ko kuma ana danna ƙashin idon sawu ko gefen ƙafar wajen ƙaramin yatsa sai ta zabura, to hoton ƙashi take buƙata, ga asibitin koyarwa nan a Shika, akwai likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi. Ko hoton farko ya fito lafiya, in ciwon bai lafa ba a koma, domin tsagewar da yawan dira ke jawowa takan yi mako biyu ko uku ba ta bayyana a hoto ba. Kafin nan ta ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20. Ban da man zafi, ban da ruwan zafi a kwanakin farko, ban da ja. Ban raina masu ɗori ba, amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi, kuma ƙashin da ya tsage aka ja shi ƙara masa aka yi. Maganin ciwon kuwa rufe mata baki kawai yake yi don kada jikinta ya gaya mata gaskiya. In kin ji an ambaci tramadol a cikin 'yan rawarki, ki tsayar da komai ki yi maganinsa.

Yanzu ga wannan malamin naku. Kusan babu makon da irin wannan magana ba ta iso ni ba, kuma har yau ban saba da ita ba. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube da TikTok, ya haddace kalmomin Faransanci uku, ya sayi matsattsen wando, shi ke nan ya zama malamin bale, yana bin makarantun kuɗi da ɗalibai yana karɓar na cefane. Abin da ya sani game da bale ɗaya ne tak, wai tsayuwa a kan yatsu. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowacce lalata ƙafafun yara.

Kin san yadda takalmin yake. Bakinsa wani ɗan akwati ne na yadi da takarda da gam, an danne su hawa-hawa, ƙarƙashinsa kuma da wani tauri da ke tallafe tafin ƙafa. Ba takalmin ke ɗaga mutum ba. Ƙarfin idon sawu da na tafin ƙafa da na ƙugu ne ke ɗaga shi, takalmin riƙewa kawai yake yi. A makarantun da suka san abin da suke yi, yarinya takan yi shekara uku ko fiye tana zuwa aji sau da yawa a mako kafin a ba ta izinin saka shi, galibi wajen shekara 12, lokacin da ƙasusuwan ƙafa suka fara ƙwari. Ranar farko ma 'yan mintuna za ta yi, tana riƙe da sanda. Kuma gwada mata shi ake yi a ƙafarta, faɗi da tsawo da tudu, ba a miƙa mata don lambarsa ta zo daidai. Gam ɗin nan gumi na kashe shi, har ƙwararriya takan gama da takalmi a wasan dare guda. To na gwanjo fa? Wata ce ta riga ta kashe shi a ƙasarsu ta yar, aka ɗauro shi a dila. Ɗauko wanda ya rage ki matsa bakinsa da babban yatsa, za ki ji ya lotsa. Abin da aka ɗora wa 'yar mutane nauyin jikinta gaba ɗaya a kai ke nan, ita da ba ta taɓa shiga ajin bale ba sai bana, a kan siminti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma na san sauran aikinsa ko ba ki faɗa ba, domin duk tafiyarsu ɗaya. Zai zaunar da yarinya ta ware ƙafafu, ya hau bayanta ya danna, tana kuka yana cewa ciwo shi ne alamar ana ci gaba. Zai sa su murɗe tafin ƙafa waje da ƙarfin tsiya, alhali buɗewar daga kwatangwalo take tasowa, in aka tilasta ta daga ƙasa gwiwa ce ke biya. Da sanyin safiyar hunturun Zariya, jiki bai ɗumama ba, zai ce a fara tsalle. In ka yi magana sai a kawo maka labarin yaron nan na Legas, Anthony Madu, da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020 yana juyi cikin ruwan sama a kan siminti. Ku sake kallo da kyau. Ƙafarsa tsirara take, ɗage yake yi, ba a kan tsinin yatsu yake ba, kuma yana da malami da ke koyar da shi tun kafin bidiyon. Da duniya ta gan shi, makarantar bale aka kai shi a Birmingham ta Ingila, inda daɓen katako ne mai ba da kai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kiɗan da kika zaɓa shi ne ya fi kowanne ƙaryata mutumin nan. Ranar 29 ga Mayu, 1913, aka fara nuna shi a birnin Paris, a hannun ƙungiyar Ballets Russes ta Sergei Diaghilev. Wanda ya tsara rawar, Vaslav Nijinsky, bai kai shekara 25 ba. Me ya yi? Ya juya yatsun 'yan rawa ciki, ya lanƙwasa gwiwoyinsu, ya karkatar da kawunansu, ya sa su suna dukan ƙasa da tafin ƙafa. Duk abin da makarantar bale ta koya musu ya kifar da shi da gangan. 'Yan kallo suka ɓarke da ihu har 'yan rawar suka daina jin kiɗa, shi kuwa ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu ƙirga. Ba a yi wannan rawar sau goma ba aka ajiye ta, ta ɓace, sai a 1987 Millicent Hodson ta harhaɗo ta daga zane-zane da rubuce-rubucen waɗanda suka gani, ƙungiyar Joffrey ta Amurka ta taka. A 1920 Léonide Massine ya sake tsara ta, shi ma bai kai 25 ba. Tun farko rawar nan a hannun sa'o'inki ta taso, kowa da irin tasa.

Wadda nake so ki nema ki kalla ita ce ta Pina Bausch, ta 1975, a Wuppertal ta Jamus. Ta sa an shimfiɗe dandamali da baƙar ƙasa, mata da maza ba takalmi, ana gumi ƙasa na manne musu a jiki, ga wani jan yadi matan na miƙa wa juna kowace na gudun ya tsaya a hannunta. Wannan rawar ce aka koya wa 'yan rawa sama da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da goma a makarantar École des Sables ta Germaine Acogny a Senegal, suka fara nuna ta a Madrid a 2021. Babu mai tsinin yatsu ko ɗaya a cikinsu. Sai dai kada ki ce tunda rawar dukan ƙasa ce a yi ta dukan siminti. 'Yan rawar Nijinsky ma sun koka da yadda dirar ke girgiza musu jiki, ga shi a kan katako suke. Ku koma kan ƙasa mai laushi da aka share aka yayyafa wa ruwa, ko ki sa kafinta ya shimfiɗa falankai masu kauri a kan tsofaffin tayoyi ya ɗaure su da kyau. A riƙa dira da gwiwa a sake.

Ƙirga kuma, matsalarku ita ce kun saba da biyar, shida, bakwai, takwas. Ɗauki wurin da ke biye da gabatarwa, inda masu goge ke maimaita sauti guda. Bugun da ke ƙasa bai taɓa canzawa ba, daidai yake tafiya, nauyin ne ke faɗowa inda ba a zata ba, ƙahonni na ƙara masa ƙarfi. A bugu 32 na farko rabon shi ne 9, 2, 6, 3, 4, 5, 3. Kamar lugude ne, taɓare na sauka a jere amma wata ta ƙara wa nata ƙarfi can ba zato. Ki kashe sifika, ki zaunar da su su tafa wannan rabon da hannu, sannan da ƙafa, sai ya zauna a jiki kafin a kunna kiɗa. In kina da makaɗin ganga ko kalangu a kusa, kira shi ya saurara sau biyu, za ki sha mamaki, shi ba takarda yake jira ba. Ki tsaya a kan faifai guda, domin kowane mai jagorantar makaɗa da irin saurinsa. Rawar ƙarshe, inda ma'aunin ke sauyawa kusan kowace gaɓa, ki bar ta a bana. Da lokacin da ya rage miki ba za ta yiwu ba.

Labarin asali na wata budurwa ce da aka zaɓa ta yi rawa har ta mutu don a faranta wa abin bautar bazara a tsohuwar Rasha. Ba dole ki ɗauko tsafin ba, kuma a Zariya ban ba ki shawara ba. Yarinyar da gari ya taru ya yanke mata hukunci ba a tambaye ta ba, ai ba sai kin je Rasha neman ta ba.

Sai maganar takarda, wadda ba na so amma tilas. Stravinsky ya rasu a 1971, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuma tana kare aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato zuwa ƙarshen 2041. Wasan jarrabawa a cikin sashe daban, sayar da tikiti ko ɗora bidiyo a intanet daban, kuma faifan da kike kunnawa ma da masu shi. In kina son kiɗan da za ki yi gaba ɗayansa cikin minti goma, ga na Debussy da Nijinsky ya taka a 1912, L'après-midi d'un faune, wanda Jerome Robbins ya sake wa fasali a 1953. Debussy ya rasu tun 1918.

Gobe da safe ki sanar da malamin da ke duba aikinki abin da ya faru, a rubuce, kada ya ji a bakin wani. Ki sallami mutumin nan ko da kun biya shi kuɗin wata. Ki tattara takalman ki kulle, don wata za ta ɗauka ta gwada a ɗaki. Iyayen yarinyar kuma a kira su yau, kuma ke za ki raka ta Shika.